Shaihu Umar A Bakin Tafkin Kainji: Wace Irin Tambaya Muke Yi Wa Ɗalibanmu?

Masu iya magana sun ce matambayi ba ya ɓata, malamanmu na zaure kuma suka ƙara da cewa kyakkyawar tambaya rabin ilimi ce. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ita ma tambayar tana iya ɓata, har ta ɓatar da wanda aka yi wa ita. Wannan batu ya tsaya mini a rai tun bayan wata ziyara da na kai Warra, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi, inda wani tsohon ɗalibina yake koyar da Hausa a wata makarantar sakandare.

Bayan mun gaisa mun taɓa hirar bayan rabuwa, sai ya ɗauko wata takarda ya miƙo mini cikin ladabi, ya ce, “Malam, ga tambayoyin da na shirya wa 'yan ajina a kan Shaihu Umar, don Allah a duba mini.” Tambayoyi ashirin ne, an rubuta su tsaf, babu kuskuren ƙa'idar rubutu ko ɗaya. A wane gari aka haifi Shaihu Umar? Wa ya auri mahaifiyarsa bayan rasuwar mahaifinsa? Wace dabba ce ta kashe mutumin da ya sace shi? Yaya sunan Balaraben da ya tafi da shi ƙasar Masar? Haka suka jeru har ta ƙarshe, wadda ta ce a kawo darussa biyar da aka koya daga littafin.

Kashegari na bi shi aji, na samu benci a baya na zauna. Yana jefa tambaya yara suna cafewa baki ɗaya: Kagara! Makau! Kura! Abdulkarim! Kafin minti goma sha biyar an cinye goma sha tara. Ana shirin shiga ta ƙarshe sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, “Malam, su mutanen da su Makau suka kamo a wajen hari, su ba su da iyaye ne? Me ya sa littafin bai bi labarinsu ba?” Aji ya yi tsit. Malamin ya ɗan yi murmushi ya ce, “Zauna, wannan ba ya fitowa a jarrabawa.”

Ban ga laifinsa ba, domin abin da muka koya masa ke nan, mu ma haka aka koya mana. Amma gaskiya ita ce, a cikin tambayoyi ashirin da ɗaya da aka yi a ajin nan ran nan, ta yarinyar ce kaɗai ta cancanci a kira ta tambayar tattaunawa, kuma ita ce kaɗai ba a amsa ba.

Littafin da kuma zamaninsa

Ga wanda ya daɗe bai waiwayi littafin ba, bari mu ɗan yi tuni. A 1933 Hukumar Talifi da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Daga wannan gasa aka sami littattafai biyar da ake ɗauka a matsayin harsashin rubutun zube na boko: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na yayansa Malam Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East, sai Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. A lokacin, marubucin Shaihu Umar saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, bai daɗe da kammala Kwalejin Katsina ba, babu kuma wanda ya san shi ne zai zama Firayim Ministan Nijeriya. Mervyn Hiskett ya fassara littafin zuwa Ingilishi a 1967, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu kuma ya yi fim ɗinsa a 1976.

Labarin wani shaihin malami ne da ke karantarwa a Rauta, kusa da Bauchi. Wata rana almajirinsa ya tambaye shi asalinsa, shi kuwa ya warware masa zare da abawa: yadda aka haife shi a Kagara, yadda 'yan fada suka ƙulla wa Makau, mijin mahaifiyarsa, sharri a kan bayin da aka kamo a wajen hari har aka kore shi daga gari, yadda aka sace shi yana yaro, yadda ya faɗa hannun Abdulkarim wanda ya ƙetare Sahara da shi ya riƙe shi kamar ɗansa ya ba shi ilimi, da yadda mahaifiyarsa ta bazama nemansa har ita ma aka yaudare ta aka mayar da ita baiwa, ba ta sake ganinsa ba sai dab da ajalinta. Mai karatu ya lura da abu guda: littafin gaba ɗayansa amsar tambayar ɗalibi ce. Da shaihin ya ce wa almajirin nan ya zauna, wannan ba ya cikin karatu, da babu littafin.

Inda gizo yake saƙar

A fagen nazarin harshe, muna duba tambaya ta fuskar abin da take nema daga wanda aka yi wa ita. Kalmomin tambaya irin su wa, da me, da ina, da yaushe, da nawa, suna buɗe gurbi ɗaya ne a cikin jimla, suna neman a cike shi da kalma ɗaya. Wanda ya ce “Wa ya tafi da Umar Masar?” ya riga ya faɗi komai, sunan mutum kawai ya rage. Amma yaya, da don me, da ta wace hanya, suna neman jimla sukutum, wani lokaci jimloli, kuma dole mai amsa ya haɗa dalili da sakamako. A takardar ɗalibina, goma sha tara daga cikin ashirin 'yan gurbi ɗaya ne. Irin waɗannan suna da amfaninsu, domin su ke nuna ko yaro ya buɗe littafin. Sai dai wanda bai taɓa ganin ko bangon littafin ba, idan ya haddace taƙaitaccen bayanin da ake sayarwa a bakin makaranta, zai cinye su duka. Ba a tattaunawa a kan abin da amsarsa ɗaya ce kuma tana aljihun malami.

Nau'i na biyu shi ne tambayar da ta zo da amsarta a goye. Alal misali, “Nuna yadda haƙuri ya kai Shaihu Umar ga ɗaukaka.” A nan an riga an yanke hukunci cewa haƙuri ne ya kai shi, aikin ɗalibi shi ne ya sa hannu. Yaron da ya lura cewa mahaifiyar Umar ta fi kowa haƙuri a littafin amma ta ƙare cikin bauta da ciwo, ba shi da inda zai ajiye wannan tunani a cikin amsarsa.

Nau'i na uku shi ne na “kawo darussa biyar”. Duk wanda ya taɓa duba takardun jarrabawa ya san amsar tun kafin ya buɗe: haƙuri, gaskiya, biyayya ga iyaye, neman ilimi, illar hassada. Waɗannan halaye ne na gari, babu mai musu, amma amsar za ta zauna daram a kan Jiki Magayi, ta zauna a kan kowane fim ɗin Kano. Amsar da ta dace da kowane littafi ba ta ce komai ba game da littafin da ke gabanmu.

Tun a 1956 Benjamin Bloom da abokan aikinsa a Amurka suka jera matakan tunani guda shida, suka sa tuno abin da aka haddace a matakin ƙasa, auna hujja da yanke hukunci a sama. Babu wanda ya ratsa kwalejin ilimi a ƙasar nan bai haddace jerin ba. Abin takaici shi ne haddar muka yi masa, shi ma.

Me ya sa abin ya fi nauyi a Warra

Ƙagaggen labarin tarihi ya bambanta da sauran labarai, domin yana magana ne a kan abin da ya faru da kakannin wasu, kuma jikokin suna zaune a aji. Ƙasar da Warra take ciki, wato masarautar Yauri, gida ce ga Kambari da Gungawa da Shangawa da Lopawa da Hausawa da Fulani da Sarkawa masunta. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19, bayan Umaru Nagwamatse ya kafa Kontagora, ƙasashen Kambari da na Gwari suna cikin waɗanda suka fi ɗanɗana hare-haren neman bayi, musamman a zamanin ɗansa, Sarkin Sudan Ibrahim, wanda Turawa suka ci garinsa a farkon 1901. Ita kanta Yauri ta sha yaƙin basasa a ƙarnin, har aka bar Birnin Yauri, sarauta ta koma Yelwa a 1888. Wannan tarihi ba ɓoyayye ba ne, kuma ɗan ƙasar ne ya fi kowa tono shi: Farfesa Mahdi Adamu, mutumin Ngaski, wanda ya yi bincikensa na digiri na biyu a Jami'ar Ahmadu Bello a kan Yauri ta ƙarni na 19, daga baya ya shugabanci jami'ar Sakkwato. Saboda haka yarinyar da ta tambayi labarin waɗanda aka kamo, mai yiwuwa labarin gidansu take tambaya ba ta sani ba.

Sai kuma ruwa. An fara gina madatsar Kainji a 1964 aka gama a 1968, tafkin ya haɗiye tsibirai da gonaki da garuruwa, har da tsohuwar Busa, aka tayar da mutane fiye da 40,000 aka sake musu matsuguni. Wanda yake ɗan shekara goma a lokacin, yau dattijo ne mai jikoki a sakandare, kuma yana iya nuna maka da sanda inda garinsu yake a ƙarƙashin ruwa. Rabuwa da gida ba a littafi yaran nan suka fara jin ta ba.

Na uku ya fi zafi. A ranar 17 ga Yuni, 2021, 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, a cikin wannan Ƙaramar Hukuma ta Ngaski, suka kwashi ɗalibai da ma'aikata, wasu daga cikin 'yan matan ba su dawo gida ba sai a 2023. Wata huɗu kafin nan, a Fabrairun 2021, an yi irin wannan ta'asa a Kwalejin Kimiyya ta Kagara a Jihar Neja, garin da ya yi suna ɗaya da mahaifar Umar. Ka ɗauki littafin da jigonsa satar yaro da uwa mai neman ɗanta, ka kai shi ajin da ke cikin wannan yanki, sannan abin da za ka tambaya shi ne sunan dabbar da ta cinye ɓarawon? Wannan hasarar littafi ce da hasarar aji.

Bugu da ƙari, a ƙarshen shekarun 2000 an cire Tarihi a matsayin darasi mai cin gashin kansa daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare, sai a 2022 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da dawo da shi. A tsawon waɗannan shekaru, yara da dama ba su ji labarin bauta ko zuwan Turawa ba sai a ajin adabi. Malamin Hausa ya zama malamin tarihi ba tare da an gaya masa ba.

Gyaran tambayoyin

Da yamma muka zauna da ɗalibina a bakin ruwa, kwale-kwale suna ta sauke kaya, muka bi takardar layi-layi. Ma'aunin da muka ɗora kowace tambaya a kai guda uku ne. Shin mutum biyu masu hankali, waɗanda duk sun karanta littafin, za su iya saɓa wa juna a kanta? Shin dole ne mai amsa ya koma shafin littafi ya kawo hujja? Shin tana fitar da ɗalibi daga littafin zuwa zamanin da ake ba da labarinsa, ta kuma dawo da shi? Wadda ta faɗi a duka ukun muka mayar da ita ɗumin jiki na minti biyar a farkon darasi. Ga kaɗan daga abin da muka samu.

A maimakon “Me ya sa aka kori Makau?” muka rubuta: “Littafin ya nuna an zalunci Makau saboda ƙaryar da aka yi masa a kan bayi. Shin ya nuna an zalunci su bayin? Kawo hujja daga wurin da aka ba da labarin harin.” Wannan tambayar yarinyar ce, mun yi mata kwaskwarima kawai. Wani zai ce marubucin bai damu da su ba, wani zai ce ya bari ne sai masifar ta faɗo a kan gidan maharin kansa don mai karatu ya ji zafinta. Duka biyun suna da madafa a littafin.

A maimakon “Faɗi halayen kirki na Abdulkarim,” muka ce: “Abdulkarim ya riƙi Umar kamar ɗa, ya ba shi ilimi, kuma fatauci irin nasa ne ya raba 'ya'ya da iyayensu. Wanne ya fi nauyi a wurinka? Da mahaifiyar Umar za a tambaya, me kake jin za ta ce?” A nan ne yaro yake koyon cewa mutumin tarihi ba ya shiga akwati ɗaya, na nagari ko na mugu.

Sai tambayar mai ba da labari. Wanda ke magana a littafin dattijo ne da ya tsira, ya yi ilimi, ya sami daraja, yana waiwayen rayuwarsa da idon wanda ya yarda da ƙaddara. Muka tambaya: “Me zai canza da wani bawa ne daga ayarin, wanda bai sami mai riƙonsa ba, yake ba da labarin?” Ɗalibin da ya gane cewa kowane labari yana da bakin da ya fito, ya sami makamin da zai yi masa amfani har a wajen sauraron rediyo da karatun abin da ake yaɗawa a waya.

A matsayina na ɗalibin harshe, na ƙara musu wadda ta fi kwanta mini. Hausa tana da wasu 'yan ƙananan kalmomi, an da aka da ana da ake, waɗanda ke ba mai magana damar faɗin aiki ba tare da ambaton aikau ba. “An kama mutane” da “sarki ya kama mutane” labari ɗaya suke bayarwa, amma na farko ya rufa wa wani asiri. Muka ce ɗalibai su zaɓi shafi biyu inda ake kamu ko ciniki, su ja layi a ƙarƙashin kowane aikatau, su ware inda aka ambaci mai aikin da inda aka sakaya shi, sannan su faɗi abin da suka fahimta. Haka kuma su tattara kalmomin da aka kira mutanen da ake kai wa hari da su, su tambayi kansu ko su mutanen da wannan suna suke kiran kansu. Da wannan, nahawu da adabi sun haɗu a darasi ɗaya.

Akwai kuma tambayar raba tsaki da tsakuwa, wato tarihi da ƙage. Kano da Murzuk da Tarabulus garuruwa ne na gaske a kan hanyar fatake ta Sahara, Rabeh da aka ambata a littafin mutum ne na gaske, Faransawa suka kashe shi a Kusiri a 1900. Umar da Makau kuwa ƙirƙira ce. Muka ce: “Jera abubuwa uku da za ka iya tabbatarwa a wajen littafin, da uku da ba za ka iya ba. Wa za ka tambaya, ko ina za ka duba?”

Daga nan sai zamanin marubucin. Dokar Lugga ta 1901 ta hana kamu da cinikin bayi, ta kuma 'yanta duk yaron da aka haifa daga Afrilun shekarar, amma ba a soke bauta ɗungurungum a Arewa ba sai a 1936. Ke nan an rubuta littafin ne a lokacin da tsofaffin bayi da tsofaffin iyayengiji suke raye, kuma jami'in gwamnatin mulkin mallaka ne zai fara karanta shi. Tambayar ita ce: “Me kake jin marubuci ɗan shekara ashirin da 'yan kai zai iya faɗa a wannan hali, me kuma zai yi shiru a kansa?”

Ta ƙarshe ta kwatanci ce. Ganɗoki, wanda ya fito daga gasa ɗaya, tauraronsa jarumi ne da ya yi yaƙi a ɓangaren Kontagora lokacin zuwan Turawa, kafin labarin ya shiga duniyar aljannu. Ga yaron Kontagora, Ganɗoki gwarzo ne da ya tsaya wa baƙi masu bindiga. Ga yaron ƙauyen Kambari, wataƙila hoton ya bambanta. Turawa ma sun rubuta cewa Sarkin Sudan Ibrahim ya kwatanta kansa da kyanwar da ba a raba ta da kamun ɓera, amma ɗalibi ya kamata ya tambaya: wa ya ji, wa ya fassara, wa ya rubuta, kuma wace riba marubucin yake da ita idan aka yarda? Tambaya mai kyau ba ta ƙyale Bature ba, ba ta ƙyale sarki ba, ba ta ƙyale marubuci ba.

Hattara dai

Wuƙar da ke yanka nama tana yanka hannu. Maganar asalin bauta har yau tana hana aure a wasu gidaje, saboda haka haramun ne malami ya tambayi yaro ko kakanninsa bayi ne ko masu bayi, ko ya bari wani ya nuna wani da yatsa. Tambaya a kan littafi ake yin ta da kuma zamani. Haka nan batun satar ɗalibai: kada malami ya kira sunan abin da ya faru don ya motsa aji, domin bai san wanda ɗan'uwansa yake ciki ba. Ya isa ya yi tambaya a kan halin da mahaifiyar Umar ta shiga, wanda yake son ya danganta da yau zai danganta, wanda ya zaɓi shiru a bar shi da shirunsa. Aikin gida mafi aminci a wannan yanki shi ne na tafki: yaro ya tambayi wani dattijo yadda aka tashe su a 1968, abin da suka ɗauka da abin da suka bari, sannan aji ya tattauna inda wannan ya yi kama da rabuwar Umar da gida da inda ya saɓa, domin tashin da gwamnati ta yi wa mutane da sanarwa da sabon gida ba ɗaya yake da kamun bawa ba.

Sai yadda ake yin tambayar. Wata mai bincike a Amurka, Mary Budd Rowe, ta gano a farkon shekarun 1970 cewa malamai ba su cika jiran fiye da daƙiƙa ɗaya ba bayan sun yi tambaya, kuma idan suka jira daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi suna ƙara tsawo, masu magana suna ƙara yawa. A al'adarmu da yaro yake sunkuyar da kai gaban babba, jiran ya fi zama wajibi, musamman ga wanda Hausa ba ita ce harshen gidansu ba, kamar yadda yake ga yara da yawa a ƙasar Ngaski da Shanga. Tambaya uku masu nauyi sun ishi darasi guda.

Na san abin da malamai za su ce, domin ɗalibina ya riga ya faɗa mini: aji ya cika maƙil, littafi bai wuce biyar ba, ga jarrabawa tana tafe. Duk gaskiya ne. Amma littafi biyar rukuni biyar ke nan, kowane rukuni da tambayarsa da mai karanta musu da mai kawo rahoto. Game da jarrabawa kuwa, yaron da ya yi gardama a kan Abdulkarim na rabin sa'a ba zai manta sunansa ba, wanda ya haddace sunan kawai shi ke mantawa. Mai tattaunawa yana samun hadda kyauta.

Kira

Ina kira ga sassan Hausa na jami'o'inmu da kwalejojin ilimi, da mu da muke cikinsu, mu mayar da tsara tambaya wani abu da ake koyarwa ana gwadawa, kamar yadda muke koyar da jigo da salo da zubi. Ina kira ga hukumomin jarrabawa, WAEC da NECO, su ƙara wa tambayoyin da ke neman hujja maki, domin inda maki ya karkata nan malami yake karkata. Masu buga littattafai su nemi ƙwararru su rubuta tambayoyin da za a liƙa a ƙarshen kowane babi. Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Kebbi kuma ta haɗa malaman Hausa da na Tarihi a bita ɗaya, ta sa a taƙaita binciken da aka yi a kan Yauri cikin Hausa mai sauƙi don amfanin makarantu. Iyaye ma suna da rabo: idan yaro ya dawo daga makaranta, bayan an tambaye shi makin da ya ci, a tambaye shi wace tambaya ya yi.

Bayan mako biyu ɗalibina ya kira ni ya ce ya buɗe darasi da tambayar yarinyar nan, ya kuma faɗa wa aji cewa tata ce. Ya ce har aka kaɗa ƙararrawa ba su gama ba, rabin aji suna kare marubucin, rabi suna tuhumarsa, kowa yatsansa a kan shafi. Ya tambaye ni, “To Malam, wace ce amsar daidai, don in ba su?” Na ce masa ni ma shekara ashirin ke nan ina karanta littafin ban gama yanke hukunci ba, ya gaya musu haka.

Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka bar mana waɗannan littattafai, Ya kare mana 'ya'yanmu a makarantunsu, Ya sa mu dace.